BABI NA UKU: DAMINA DA SANA'AR SU A ƘASASHEN MAFARA DA BAKURA DA MARADUN

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo tarihin kafuwar garuruwan Talata Mafara da Bakura da Maradun, tare da sana'o'in da mutanensu suka gada. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin duba dangantakar da ke tsakanin ruwan damina da sana'ar su, wato kamun kifi, a waɗannan ƙasashe uku da Gulbin Sakkwato ya ratsa. Za a fara da bayanin yadda damina take juya rayuwar kifi da ta masunci, sannan a bi tarihin wannan dangantaka tun daga zamanin da gulbi yake tafiya da ikon kansa, zuwa shekarun fari, har zuwa lokacin da aka datse shi a Bakolori cikin shekarar 1978. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, amfanin damina ga masunci yana tattare ne da cikowar da take kawowa, wadda ke malale fadamu. Muddin ruwan sama da cikowa suna tafiya tare, kifi yakan yalwata. Da aka raba su kuwa, sai sana'ar ta shiga wani hali, ko da a shekarar da aka yi damina mai albarka.

3.1 Yanayin Ƙasa da Gulbin Sakkwato

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa ta Jihar Katsina. Daga can ya miƙo arewa maso yamma, ya biyo ta Gusau, ya shigo ƙasar Maradun, ya wuce ta ƙasashen Mafara da Bakura, sannan ya je ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Bayan haɗuwarsu sai ruwan ya gangara ta Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa Kogin Kwara.

Akwai wani abu game da shimfiɗar wannan ƙasa da ya kamata a lura da shi tun farko. Daga Funtuwa zuwa kusa da Bakolori gulbin yana gudu ne a kan ƙasa mai duwatsu, wadda ba ta shan ruwa sosai, saboda haka da zarar an yi ruwa mai ƙarfi sai ya kwararo da sauri. Daga Bakolori zuwa ƙasa kuwa, sai ƙasar ta kwanta, gulbin ya samu fili ya baje, ya haifar da fadama mai faɗi wadda ta miƙe har Sakkwato. A cikin wannan fadama akwai tafkuna da gurabu da tsofaffin hanyoyin ruwa masu yawa. Tafkin Natu na ƙasar Bakura yana daga cikin sanannun ruwayen wannan yanki.

Ta fuskar yanayi kuwa, ruwan sama yakan fara sauka cikin watan Mayu ko Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, lokacin da ake kira malka, sannan ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Yawansa ba shi da tabbas. A wata shekara yakan tsaya a wajen milimita 500, a wata kuwa ya kai 1,300. Kafin a yi madatsa, gulbin yana bin wannan tsari sau da ƙafa: ya cika ya batse da damina, ya ja baya da kaka, da bazara kuwa ya koma rairayi, sai gurabu nan da can. Har ila yau, ya kamata a gane cewa ruwan da ke cika gulbi a Bakura yawancinsa ba a Bakura ya sauka ba. Ruwan da aka yi ne a ƙasashen Funtuwa da Gusau. Wannan ne ya sa masunci kan ga gulbi ya kawo alhali ko ɗigo bai sauka a garinsu ba.

3.2 Tasirin Damina ga Rayuwar Kifi

Ana iya raba shekarar kifi a gulbi irin wannan zuwa matakai huɗu.

Mataki na farko shi ne zuwan sabon ruwa. A ƙarshen bazara kifayen da suka rage sukan taru a gurabu, ruwa ya yi zafi, ya yi kauri, iskar da suke shaƙa a cikinsa ta yi ƙaranci. Da ruwan farko ya kwararo, sai sanyinsa da motsinsa su tayar da su. Mafi yawan kifayen wannan gulbi sukan riga sun ɗauki ƙwai kafin wannan lokaci, jiran ruwa kawai suke yi. Tarwaɗa da ramboshi kan bi sabon ruwa su hau ƙoramu da kwazazzabai, su shiga ciyawar da ruwa ya rufe su zuba ƙwai, galibi da dare bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ita kuwa gaiwa, wadda ta yi rani a dunƙule cikin busasshen laka, sai ruwa ya jiƙa ƙasa take fitowa. Sai dai wani lokaci ruwan farko kan zo da dattin da ya kwaso daga tudu, ya gurɓata ƙaramin gurbi har kifi ya taso sama yana haki, wasu ma su mutu.

Mataki na biyu shi ne malalar fadama, daga Yuli zuwa Satumba. Wannan shi ne lokacin da ya fi kowane muhimmanci. Da rani shanun Fulani sun yi kiwo a fadama sun bar kashi, ga ruɓaɓɓiyar ciyawa da tokar ƙuna. Da ruwa ya rufe waɗannan, sai su zama taki, ƙananan halittu da ƙwari su yawaita, 'ya'yan kifi su sami abinci. Ciyawa kuma ta zama maɓoya gare su daga tsage da giwan ruwa da tsuntsaye. A nan ne balli yake share ciyawa ya yi sheƙarsa mai kama da faifai, yauni ya yi tasa mai yawo a kan ruwa, karfasa kuwa ta haƙa 'yan ramuka a wuri marar zurfi. Mafi yawan girman da kifi yake yi a shekara a cikin waɗannan watanni yake yin sa, kuma a nan yake tara kitsen da zai yi rani da shi.

Mataki na uku shi ne janyewar ruwa da kaka. Da ruwa ya fara ja, sai kifi manya da ƙanana su kama hanyar komawa gulbi ta 'yan mashigan da suka bi suka fito. Kawara kan taho garke-garke a irin wannan lokaci. Waɗanda suka makara kuwa sai ruwa ya yanke musu, su rage a tafkuna.

Mataki na huɗu shi ne zaman rani a tafkuna da gurabu, inda kifi yake a takure har wata damina. Wani jami'in kifi na zamanin Turawa mai suna M. J. Holden ya yi nazarin kifayen irin waɗannan tafkuna na Gulbin Sakkwato a shekarun 1950, aka buga sakamakon cikin 1963. Daga baya R. L. Welcomme, a littafinsa na 1979 kan kogunan da ke da fadamu, ya nuna cewa yawan kifin da ake kamawa a shekara yana bin girman cikowar wannan shekara da ta shekara ɗaya ko biyu da suka gabace ta. Ke nan ana iya cewa kifi ma amfanin damina ne, kamar gero da shinkafa: da damina ake shuka shi, da kaka da rani a girbe.

3.3 Tasirin Damina ga Aikin Masunci

Duk da cewa damina ce uwar albarkar kifi, ita ce kuma lokacin da kamun sa ya fi wuya. Dalili na farko shi ne kifi ya watsu. Kifin da ke cikin gurbi ɗaya da bazara ya bazu cikin fadama mai faɗin kilomitoci, kuma Hausawa na cewa kifi a ruwa sarki ne. Dalili na biyu shi ne ƙarfin igiyar ruwa. Gulbi kan zo da itatuwa da karare da yayi, waɗanda ke yaga kalli su tafi da ƙugiyoyi. Taru kuwa ba ya jawuwa a ruwa mai zurfi da ciyawa. Dalili na uku shi ne haɗarin rai, domin hadari kan taso da iska mai ƙarfi da tsawa, wanda ke kan gora ko cikin ƙaramin jirgi kuwa ba shi da mafaka. Bugu da ƙari, mafi yawan masuntan wannan yanki manoma ne, saboda haka da ruwa ya zauna gona ce take cinye ƙarfinsu.

Wannan bai sa a ajiye su gaba ɗaya ba, sai dai a sauya kayan aiki. A farkon damina akan tare tarwaɗa a bakin ƙoramu da kwanduna da sanduna da masu. Da ruwa ya yi yawa sai a koma ga gura da sauran tarkuna da ake ajiyewa a gefen ciyawa, da mamari, da ƙugiya mai koto. Jan ruwan damina ma yana da nasa amfani, domin kifi ba ya ganin koma sosai a cikinsa, kuma kifayen da ke neman abinci da gashin baki, irin su tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa, sun fi yawo a lokacin. Da kaka akan datse mashigai da shingen kara ko zana a jera tarkuna. A nan ne ake samun kamu mafi yawa a shekara. Da rani kuwa sai a shiga tafkuna da homa da gora da taru da birgi.

Haka kuma damina tana taɓa kifi bayan an fito da shi daga ruwa. Itacen banda yakan jiƙe, rana ba ta samuwa, danshi ya sa kifin da aka ƙyafe ya yi fumfuna ko tsutsa. Hanyoyin ƙauyukan fadama kan yanke, kai kaya kasuwar Talata ta Mafara ya zama aiki. Saboda haka kifi yakan yi tsada da malka, ya yi araha da kaka.

3.4 Su Kafin Gina Madatsa

Sana'ar su tsohuwa ce a rafin Sakkwato da Rima. Waɗanda suka fi shahara da ita su ne Sarkawa, waɗanda ake danganta asalinsu da ƙasar Kabi, daular da ta yi ƙarfi a ƙarni na 16 zamanin Kanta. Daga can wasunsu suka bi ruwa suka bazu zuwa wurare da dama. Baya ga waɗanda suka gaji sana'ar, akwai manoman fadama da ke shiga ruwa idan aikin gona ya yi sauƙi.

Bayan jihadin 1804 waɗannan ƙasashe sun shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato, inda Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun suke riƙe da jama'arsu. A tsarin sarautun sana'a na ƙasar Hausa, al'amarin ruwa yana hannun Sarkin Ruwa. Shi ke sanin gurabu da zurfinsu, shi ke sasanta masunta, shi ake nema idan ruwa ya ci mutum. Babban aikinsa ta fuskar wannan nazari shi ne tsare manyan tafkuna bayan janyewar ruwa, kada kowa ya shiga sai ranar da aka sa. Idan ranar ta zo sai a yi shela, jama'ar ƙauyuka su taru a yi su na gayya. Idan aka duba da kyau za a ga cewa wannan al'ada tana bin kalandar damina ne. Da malka ruwa da kansa yake kare kifi, da rani kuwa, lokacin da kifi ba shi da wurin gudu, sai doka ta kare shi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samu siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu cikin 1934, daga irin wannan al'ada ya samo tushe.

Zuwan Turawa bayan cin Sakkwato a 1903 bai sauya tafiyar gulbi ba. Babban canjin da aka gani a ƙarshen zamaninsu da farkon mulkin kai shi ne shigowar zaren roba. Kafin nan da zaren auduga da na rama ake saƙa koma, ga shi yana ruɓewa da wuri idan ya sha ruwa. Komar roba kuwa tana jure damina, ba ta da nauyi, kuma ana sayen ta a saƙe. Wannan ya buɗe ƙofar su ga mutanen da ba su gaje shi ba, ya kuma ba da damar kama kifi a watannin da a da yake hutawa.

3.5 Shekarun Fari

Farin da ya auka wa ƙasashen Sahel da arewacin Nijeriya daga 1972 zuwa 1974 ya nuna ƙarara abin da ke faruwa idan cikowa ta gaza. A shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, gulbi ba ya hawa fadama sosai, ko kuma ya hau ya sauka kafin 'ya'yan kifi su yi ƙwari. Tafkunan da ke nesa da gulbi ba sa samun ruwa, waɗanda suka samu kuma su ƙafe tun kafin bazara. Abin mamaki shi ne a farkon fari kifi yakan yi araha, domin ya taru a ɗan ruwan da ya rage ana ɗibar sa cikin sauƙi, ga kuma manoman da gona ta ƙi sun faɗo ruwa neman abin kai wa baki. Illar takan bayyana ne a shekara ta biyu da ta uku, bayan an cinye iyaye kuma ba a samu 'ya'ya ba.

Duk da haka, ɓarnar fari mai warkewa ce. Kifayen wannan yanki irin su tarwaɗa da karfasa suna saurin girma, suna kuma zuba ƙwai da yawa, saboda haka damina biyu ko uku masu kyau sun isa su mayar da ruwa yadda yake. Sai dai wannan fari ya bar wani tasiri na daban, domin ya ƙarfafa ra'ayin gwamnati cewa maganin rashin tabbas na damina shi ne a tare ruwa a manyan madatsu.

3.6 Madatsar Bakolori da Rabuwar Damina da Cikowa

Tun cikin 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gabatar da rahoto kan albarkatun ƙasa da ruwa na rafin Sakkwato, inda ta ba da shawarar yin madatsa da aikin ban ruwa a Bakolori. A 1973 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Da kuɗin man fetur suka samu, sai aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya aikin, aka kammala madatsar cikin 1978. Tsawonta ya kai kilomita biyar da rabi. Tafkin da ta tara yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ya rufe fili kimanin hekta 8,000, ya kuma miƙe kilomita 19 a bayanta.

Ruwan ya cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasar Maradun, aka tayar da mutane fiye da 12,000, aka mayar da da yawansu Sabuwar Maradun. Rikicin diyya da na rabon gonaki ya kai manoma ga tare hanyoyin aikin, har aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma cikin Afrilu 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa. An yi asarar rayuka a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, amma ƙididdigar da ba ta gwamnati ba ta haura mutum 380. An yi rubuce-rubuce da yawa kan wannan al'amari. Abin da ya sami masunta kuwa bai samu irin wannan kulawa ba, domin masunci ba shi da gonar da za a auna a biya shi diyya. Abin da ya rasa lokaci ne, wato watannin da ruwa ke kwana a fadama.

3.6.1 A Ƙasan Madatsa

Aikin madatsa shi ne ta riƙe ruwan damina ta sake shi da rani. Wannan kuwa kishiyar abin da kifi yake bukata ne. Ruwan farko, wanda ke tayar da kifi ya yi ƙwai, shi ne madatsa take fara haɗiyewa domin cike gurbin da rani ya bari. Sai tafki ya cika sannan ruwa ya wuce, wanda ke nufin cikowa tana zuwa a makare, ba ta kai tsayin da ba, kuma ba ta daɗewa. W. M. Adams, wanda ya yi bincike a ƙauyukan fadamar da ke ƙasan madatsar ya kuma buga sakamakonsa cikin 1985, ya nuna cewa zurfin cikowa da faɗinta da daɗewarta duk sun ragu. An ƙiyasta cewa daga cikin hekta 19,000 na fadama an rasa noman shinkafa a hekta 7,000 da noman rani a hekta 5,000. Binciken ya kuma nuna cewa kamun kifi ya faɗi, har wasu masunta suka bar sana'ar, wasu kuma suka riƙa tafiya su a wasu ruwaye masu nisa.

Wannan ba abin mamaki ba ne, domin fadamar da shinkafa take so ita ce fadamar da kifi yake haihuwa a ciki. Ban da haka, bangon madatsar ya raba gulbi biyu, kifin da ya saba hawa sama da sabon ruwa ba shi da hanya. Farin 1983 da 1984 ya zo ya tarar da wannan hali, sai abu ya zama biyu. Bambancin da ke tsakanin fari da madatsa shi ne, fari yana zuwa ya wuce, amma madatsa ta mayar da ƙarancin cikowa abin kowace shekara.

3.6.2 A Cikin Tafkin Bakolori

Ba za a musa cewa madatsar ta kawo wani amfani ga su ba. Ta samar da ruwa mai zama rani da damina a wurin da a da gulbi ke ƙafewa, masunta na gida da baƙi suka kafa sansani a bakinsa, aka koma amfani da jirage da kalli. Magudanun ban ruwa ma sun zama wurin samun ƙananan kifaye. Amma rahoton E. O. Ita na 1993 kan albarkatun kifi na ruwayen Nijeriya ya nuna cewa tafkin ba shi da yalwar gefe marar zurfi inda kifi zai yi ƙwai ya yi reno. Ruwansa kuma yana da laka, wadda ke tare hasken rana ta hana tsiron cikin ruwa girma. Wannan laka kuwa ruwan damina ne yake kwaso ta daga gonakin tudu. A da fadama take kai ta ta zama taki, yanzu kuwa a tafki take kwanciya tana cike shi.

A cikin tafkin ma damina ba ta daina mulki ba. Idan ruwa ya hau ya rufe ciyawar da ta tsiro a gefe da rani, kifi yakan samu ɗan abin da ya yi kama da fadama. Idan aka yi shekarar da tafki bai cika ba, ko aka ja ruwa da sauri, sai sheƙunan karfasa su rage a tudu. Iskar hadari kuma ta fi haɗari a kan buɗaɗɗen ruwa irin wannan fiye da cikin gulbi.

3.7 Daga Shekarun 1990 Zuwa Yau

Raguwar kifi ta sa wasu suka koma ga koma mai ƙananan idanu da zuba guba irin su Gamalin, abin da ya ƙara dagula al'amari. Cikin 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108, wadda ta hana amfani da guba da nakiya, ta ƙayyade faɗin idon koma, ta ba da ikon rufe ruwa na wani lokaci, ta kuma bukaci a kula da hanyar wucewar kifi wajen gina madatsu. Sai dai dokar ta zo shekara 14 bayan an gama Bakolori. A ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, waɗannan ƙasashe uku suka faɗo cikinta, alhali kula da madatsar ya ci gaba da zama a hannun hukumar tarayya. Gyaran da aka yi wa aikin Bakolori ƙarƙashin shirin da Bankin Duniya ya amince da shi cikin 2014 ya fi karkata ne ga magudanu da gonakin ban ruwa. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi Zamfara tun daga wajen 2011 ita ma ta taƙaita zuwa ruwa, musamman da dare da asuba, lokutan da masunci ya fi bukata.

Akwai misali daga maƙwabta da ya nuna cewa irin wannan ɓarna tana gyaruwa. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina cikin 1979 domin noman shinkafa ta hana ruwa malala fadamar Logon, kifi da makiyaya suka ragu. Cikin 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ruwa ya sake hawa wani sashe na fadamar, masunta da makiyaya suka dawo. Darasin da ke ciki shi ne, ana iya tsara sakin ruwa daga madatsa ya kwaikwayi damina, wato a sake shi da wuri, da yawa, kuma a bar shi ya kwana a fadama gwargwadon yadda ɗan kifi zai yi ƙwari.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda rayuwar kifi da aikin masunci a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun suka ginu a kan damina. An nuna cewa damina tana wahalar da kamu a lokacinta, amma ita ce take samar da abin da za a kama da kaka da rani, ta hanyar cikowar da ke malale fadamu. An kuma ga cewa tsarin gargajiya na Sarkin Ruwa ya dace da wannan kalanda, kuma fari, duk da tsananinsa, bai karya ta ba. Abin da ya sauya ta shi ne madatsar Bakolori, wadda ta sa yawan ruwan da ya sauka daga sama ya daina zama ma'aunin ruwan da zai hau fadama. Kafin 1978 masuncin Bakura yana duban gabas ne ya san abin da shekara za ta ba shi. Bayan 1978 kuwa, sai ya haɗa da sauraron ranar da za a buɗe ƙofofin madatsa. A babi na gaba za a dubi kayan su da sunayensu, da yadda wannan canji ya shafe su.